Motsa Jiki da Garkuwar Jikin Tsofaffi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi gida ɗaya da kakanninsa ya san wani abu game da tsufa tun kafin ya karanta shi a littafi. Murar da za ta kama yaro ta sake shi cikin kwana 3, idan ta kama tsoho sai ta kwantar da shi mako guda ko biyu, wani lokaci ma ta gangara ƙirji ta zama ciwon huhu. Ɗan raunin da saurayi ba zai ko waiwaya ba, a ƙafar dattijo sai ya daɗe yana ruwa bai kame ba. Allurar rigakafi ma ba ta kama jikin ɗan shekara 75 kamar yadda take kama na ɗan shekara 25. Tushen waɗannan abubuwa guda ne, wato garkuwar jiki tana tsufa kamar yadda ido da gwiwa da haƙora suke tsufa.

Al'amarin ya shafi jama'a da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma a 2050 za su kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa. Annobar korona da ta game duniya a 2020 ta ƙara fito da matsalar fili, domin tsofaffi ta fi kashewa a ko'ina.

Akwai wata tambaya da masana suka daɗe suna yi. Tun da yawancin mutane suna rage motsi yayin da shekaru suke ja, wane ɓangare na raunin garkuwa ne shekaru suka kawo, wane ne kuma yawan zama ya kawo? Wannan takarda za ta bi amsar daki-daki. Za ta fara da bayanin garkuwar jiki da yadda take tsufa, sannan abin da yake faruwa a jiki lokacin motsi, sannan abin da aka gano a gwaje-gwajen da aka yi wa tsofaffi, da kuma inda amfanin motsa jiki ya tsaya.

2.0 Mece ce garkuwar jiki?

Asalin kalmar garkuwa sunan makami ne na fata mai kauri wanda mayaƙi yake tare kibiya da mashi da shi. Daga nan aka aro ta aka ba tsarin da jiki yake kare kansa daga cuta. Aron ya dace, sai dai yana iya sa mai karatu ya ɗauka abu guda ne mai zama wuri ɗaya. A haƙiƙa garkuwar jiki ta fi kama da runduna mai yawo, wadda mayaƙanta su ne fararen ƙwayoyin jini. Ana haifar su a cikin ɓargo, suna zaga jiki ta hanyoyin jini, suna yada zango a saifa da kaluluwa da huhu da hanji.

Rundunar ta kasu gida biyu. Na farko shi ne abin da za mu kira garkuwar haihuwa, wadda mutum yake zuwa duniya da ita. Aikinta gaggawa ne, ba ta tsayawa tantance baƙo. A cikinta akwai nutrofil, waɗanda su ne suka fi yawa a fararen ƙwayoyin jini, kuma su ne suke fara isa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta. Mugunyar da ake gani a ƙurji, galibinta gawarwakinsu ne. Akwai kuma ƙwayoyin kisa, masu neman duk wata ƙwayar jiki da cuta ta shiga cikinta ko wadda ta fara rikiɗa zuwa daji, su hallaka ta.

Na biyu shi ne garkuwar koyo. Ita tana ɗaukar kwanaki kafin ta shirya, amma tana gane kowace cuta da kamanninta, kuma ba ta mantuwa. Mayaƙanta su ne ƙwayoyin T da ƙwayoyin B. Ƙwayoyin B suna ƙera wasu sinadaran kariya masu manne wa ƙwayar cuta su hana ta aiki, ƙwayoyin T kuwa wasunsu suna ba da umarni, wasu suna kisa. Wannan rashin mantuwa shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba kasafai yake sake yi ba, kuma a kansa ne aka gina hikimar allurar rigakafi. Duk waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da ake kira sitokin. Za mu haɗu da wasu daga cikinsu a gaba, musamman intalukin-6, wanda ake taƙaita sunansa IL-6.

3.0 Yadda garkuwa take tsufa

3.1 Motsewar timus

A bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, akwai wani ɗan sashen jiki mai laushi da ake kira timus. Har tsakiyar ƙarni na 20 likitoci ba su san amfaninsa ba. A 1961 ne wani matashin masani mai suna Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire timus daga jikin jariran ɓeraye, sai ya ga sun tashi ba su da isassun ƙwayoyin kariya, cututtuka suna cin su. Daga nan aka gane cewa timus makaranta ce. Ƙwayoyin da aka haifa a ɓargo suna zuwa can a koya musu rarrabe ɗan gida da baƙo, waɗanda suka kasa cin jarrabawa a kashe su, waɗanda suka ci a sake su cikin jini. Harafin T da ke sunansu daga timus aka ɗauko shi.

Abin mamaki shi ne wannan makaranta tun mutum yana yaro take fara motsewa. Bayan balaga motsewar takan ƙaru, kitse yana maye gurbin naman, har ya zamana ɗan shekara 70 ba abin da ya rage masa sai ɗan kaɗan. Sakamakon haka sababbin ƙwayoyin T, waɗanda ba su taɓa yaƙi ba kuma suke shirye su koyi kowace sabuwar cuta, suna raguwa sosai. Tsoho yana da ɗimbin ƙwayoyin da suka san cututtukan jiya, amma masu koyon cutar yau sun yi masa ƙaranci. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa sabuwar cuta take wahalar da shi, sabuwar allura kuma ba ta kama shi da kyau.

3.2 Taruwar gajiyayyun ƙwayoyi

Wasu ƙwayoyin cuta idan sun shiga jiki ba su fita har abada. Misali shi ne wadda ake kira sitomegalo, wadda mafi yawan manya a Afirka suke ɗauke da ita tun suna yara ba tare da sun ji komai ba. Jiki yana ware mata ƙwayoyin T masu gadi shekara da shekaru, har su zama kaso mai yawa na rundunar. Da tafiya ta yi tafiya sai su gaji, su daina hayayyafa, amma ba su mutu ba, suna nan sun tare wuri. Idan gadi ya yi sako-sako, tsofaffin cututtuka sukan farka. Ƙwayar ƙarambau da mutum ya yi yana yaro takan ɓuya a jijiyoyi, bayan shekara 50 ko 60 ta fito a matsayin ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Tarin fuka ma yakan kwanta a huhu shekaru da dama sannan ya tashi a tsufa.

3.3 Kumburin ɓoye

Idan ƙaya ta soki mutum, wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Wannan kumburi aikin garkuwa ne, kuma da an gama yaƙi sai ya sace. A jikin tsofaffi da yawa kuwa akwai wani kumburi maras ƙarfi wanda ba ya sacewa, ba a ganinsa da ido, sai an auna jini a tarar sinadarai irin su IL-6 da wani mai suna TNF sun ɗara na matasa. Kamar wutar ƙaiƙayi yake, yana ci ƙasa-ƙasa. Wani masani ɗan Italiya, Claudio Franceschi, shi ya jawo hankalin duniya gare shi a shekarar 2000. Daga cikin masu hura shi akwai kitsen da yake taruwa a cikin ciki kewaye da hanji, da gajiyayyun ƙwayoyin da aka ambata. An danganta shi da ciwon zuciya da ciwon sukari da zubewar tsoka, kuma yana dagula saƙonnin da garkuwa take buƙata idan cuta ta gaske ta zo.

3.4 Ɓatan kai na nutrofil

Yawan nutrofil ba ya raguwa da tsufa, saitinsu ne yake lalacewa. Masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun nuna cewa nutrofil na matashi yakan miƙe sak zuwa inda cuta take, na tsoho kuwa sai ya yi ta kewaye. Yana makara, kuma yana ɓarnata lafiyayyen nama a kan hanya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ciwon huhu yake tsananta a jikin tsofaffi.

4.0 Abin da yake faruwa lokacin motsi

4.1 Fita sintiri

Ba dukkan fararen ƙwayoyi ne suke yawo a jini koyaushe ba. Da yawansu suna maƙale a bangon jijiyoyin jini da saifa da huhu. Da zarar mutum ya fara tafiya da sauri, bugun zuciya ya ƙaru, sinadarin adirenalin ya zuba a jini, sai su saki bango su bi jini. Ƙwayoyin kisa ne suka fi amsa wannan kira, domin yawansu a jini yakan ninka sau da dama cikin mintoci. Bayan an tsaya da awa 1 ko 2 sai adadin ya faɗi ƙasa da yadda yake da farko, kafin ya koma daidai a cikin yini.

Wannan faɗuwa ta taɓa tayar da hankalin masana. Bayan gasar gudun kilomita 42 ta birnin Los Anjalis a 1987, David Nieman da abokan aikinsa sun gano cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na waɗanda suka yi gudun sun yi rashin lafiya a makon da ya biyo baya, alhali waɗanda suka yi shiri amma ba su shiga ba kashi 2 ne kacal. Sai aka ce motsa jiki mai tsanani yana buɗe wa cuta ƙofa. A 2018 John Campbell da James Turner na Jami'ar Bath suka kawo wata fassara, cewa ƙwayoyin ba mutuwa suke yi ba, barin jini suke yi su tafi huhu da hanji, inda cuta ta fi shigowa. Muhawarar ta shafi masu gasa ne da suke gudun awoyi. A kan matsakaicin motsi irin na tafiya da sauri, ɓangarorin biyu sun yarda cewa alheri ne, kuma kowace fita tamkar tura runduna sintiri ce.

4.2 Saƙon tsoka

An daɗe ana ɗaukar tsoka a matsayin abin ɗaga kaya kawai. A shekarar 2000, a birnin Kofanhegan na Denmak, ƙungiyar Bente Klarlund Pedersen ta yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun sa matasa suna motsa ƙafa ɗaya na tsawon awa 5, ɗayar tana hutawa, suna ɗibar jinin da yake fitowa daga kowace ƙafa. Sai suka tarar ƙafar da take aiki tana zuba IL-6 a jini. Ke nan tsoka da kanta tana aika saƙo. A 2003 suka raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna miyokin, wato sitokin na tsoka.

A nan mai karatu zai iya cewa: ba IL-6 ɗin nan ne aka ce yana cikin kumburin ɓoye ba? Shi ne, amma bambancin yana ga yadda ya zo. Wanda kitse yake fitarwa yana tsiyaya ne dare da rana tare da TNF. Na tsoka kuwa yakan tashi lokaci guda, ba tare da TNF ba, ya sauka bayan an huta, kuma tashin nasa yana sa jiki ya saki wasu sinadarai masu kashe kumburi, irin su IL-10. Ruwan sama da ya zuba ya ɗauke yana raya shuka, wanda ya kwanta a gona kuwa ruɓar da ita yake yi. Tsoka tana kuma fitar da IL-7, wanda timus da sababbin ƙwayoyin T suke rayuwa da shi, da IL-15, wanda ƙwayoyin kisa suke buƙata.

Idan an fahimci wannan, za a ga haɗarin zubewar tsoka. Daga shekara 30 mutum yakan fara rasa tsoka sannu a hankali, bayan shekara 60 abin ya ƙara sauri. Kwanciya kuwa ta fi shekaru saurin cin ta. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da lafiyayyun tsofaffi a gado kwana 10, sai kowannensu ya rasa kusan kilo 1 na naman ƙafafu.

4.3 Rage kitsen ciki

Hanya ta uku ita ce ta kitse. Motsa jiki a kai a kai yana rage kitsen da yake kewaye da kayan ciki, ko da nauyin mutum a sikeli bai sauka sosai ba. Tun da wannan kitse yana cikin masu hura kumburin ɓoye, raguwarsa tana rage wutar daga tushe.

5.0 Abin da aka gano a jikin tsofaffi

5.1 Masu tuƙa keke na Ingila

A 2018 masana daga Jami'ar Birmingham da Kwalejin King's ta Landan, cikinsu har da Janet Lord da Norman Lazarus, suka buga sakamakon binciken da suka yi wa mutum 125 masu shekara 55 zuwa 79, waɗanda suka daɗe suna tuƙa keke don sha'awa. Sharaɗin shiga shi ne namiji ya iya tuƙa kilomita 100 cikin ƙasa da awa 6 da rabi, mace kuma kilomita 60 cikin awa 5 da rabi. An kwatanta su da tsofaffi 75 lafiyayyu waɗanda ba su motsa jiki, da matasa 55 masu shekara 20 zuwa 36.

An tarar masu keken suna da sababbin ƙwayoyin T fiye da tsararrakinsu masu zama, kuma waɗanda suka fito daga timus kwanan nan sun yi kusa da na matasa. IL-7 ya fi yawa a jininsu, IL-6 kuma ya fi ƙaranci. Sai dai akwai abin da keke bai gyara ba: gajiyayyun ƙwayoyin T suna nan a jikinsu kamar yadda suke a jikin sauran tsofaffi. Haka kuma irin wannan bincike hoto ne na lokaci guda, domin mai musu zai iya cewa da ma masu ƙarfin garkuwa ne suka jure tuƙa keke har tsufa. Don a warware wannan sai an ɗauki masu zama, an raba su ta hanyar ƙuri'a, an sa wasu motsi.

5.2 Allurar rigakafi

Irin wannan gwaji ne Jeffrey Woods da abokansa suka yi a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, aka buga a 2009. Sun ɗauki tsofaffi 144 da ba su saba motsa jiki ba, masu kimanin shekara 70, suka raba su biyu. Rukuni ɗaya ya yi wata 10 yana motsi mai sa haki, ɗayan yana miƙe gaɓoɓi kawai. A cikin wannan lokaci aka yi wa kowa allurar rigakafin mura mai tsanani. A makonnin farko sinadaran kariya sun tashi daidai a rukunonin biyu. Bambancin ya fito ne bayan mako 24, inda aka tarar masu motsi sun fi riƙe kariyar. Wannan yana da muhimmanci, domin matsalar tsofaffi ita ce kariyar allura takan dushe tun lokacin mura bai wuce ba. Yawan kamuwa da mura bai bambanta ba, amma ta fi zo wa masu motsi da sauƙi.

5.3 Mura, rauni da korona

Tun a 1993 Nieman ya yi gwaji da mata masu shekara 67 zuwa 85. Wasu an sa su tafiyar minti 30 zuwa 40, kwana 5 a mako, har mako 12, wasu kuma ƴar miƙe jiki kawai. An kuma haɗa da wasu tsofaffin mata da suka daɗe suna wasanni. A cikin masu miƙe jiki rabi sun yi mura, a masu tafiya kashi 21 cikin 100, a tsofaffin ƴan wasa kuwa kashi 8. Amma da aka auna aikin ƙwayoyin kisa da ƙwayoyin T, ƴan wasan ne kaɗai suka yi fice. Tafiyar mako 12 ba ta isa ta sauya shi ba.

A Jami'ar Jihar Ohayo, a 2005, an yi wa mutum 28 masu shekara 55 zuwa 77 ɗan ƙaramin yanka a dantse. Waɗanda aka sa motsa jiki sau 3 a mako sun warke cikin kimanin kwana 29, sauran kuwa sai da suka kai kwana 39. Sannan a 2021 aka buga nazarin bayanan manya 48,440 da suka kamu da korona a Kalifoniya. Waɗanda ba su motsa jiki kafin cutar, haɗarin a kwantar da su asibiti ko su mutu ya ninka fiye da sau 2 idan an kwatanta da masu cika minti 150 a mako.

6.0 Inda amfanin ya tsaya

Idan aka haɗa waɗannan sakamako, darussa 3 suna fitowa. Na farko, motsa jiki yana rage saurin tsufan garkuwa, amma ba ya mai da tsoho yaro. Wasu sassa suna amsawa, kamar timus da kumburin ɓoye da ɗorewar rigakafi, wasu kuma ba su amsawa. Na biyu, ɗorewa ta fi tsanani muhimmanci. Sauye-sauyen da suke biyo bayan tafiya ɗaya sukan gushe cikin yini, sai an yi ta maimaitawa wata da watanni suke zama jiki. Na uku, motsi abokin allurar rigakafi ne da magani, ba ya maye gurbinsu.

Ya kamata kuma a lura cewa mutanen da aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su a Ingila da Amurka ƙosassu ne, matsalarsu yawan zama. Tsohon manomin da yake yini a rana da fartanya ba tare da isasshen abinci ba, matsalarsa daban ce. Yunwa da kanta tana karya garkuwa, kuma tsoka ba ta ginuwa sai da abinci mai gina jiki, irin su wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama. Irin wannan dattijo abinci da hutu ya fi buƙata. Wanda maganar ta fi shafa a garuruwanmu shi ne ma'aikacin da ya yi ritaya, da ɗan kasuwar da yake yini a kan tabarmar shago, da tsohuwar da surukai da jikoki suka ɗauke mata kowane aiki.

7.0 Wane irin motsi, kuma nawa?

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da abu 3. Na farko, matsakaicin motsi na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150. Matsakaici shi ne wanda mutum zai ɗan yi haki, yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiyar minti 30 da sauri, kwana 5 a mako, ta cika wannan. Na biyu, aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, kamar tashi daga kujera a koma sau da yawa ba tare da dafa hannu ba, ko ɗaga abu mai ɗan nauyi. Na uku, atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako don gudun faɗuwa. Hukumar ta ƙara da cewa kaɗan ya fi babu, kuma wanda bai saba ba ya fara da kaɗan yana ƙarawa.

Shekaru ba su hana farawa. A 1990 Maria Fiatarone ta sa mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96, mazauna wani gidan kula da tsofaffi a Boston, ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8. A cikin 9 da suka kammala, ƙarfin ƙafa ya ƙaru da kashi 174 cikin 100.

A ƙasashenmu masu zafi, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba ko bayan la'asar, tare da shan ruwa, domin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa ko da jikinsa yana buƙata. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, gara a yi motsin a cikin gida. Mai zazzaɓi ya huta sai ya warke. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya ya tsaya nan take. Ba a buƙatar filin wasa ko kayan sawa na musamman. Tafiya masallaci ko kasuwa da ƙafa, shara, ban ruwan lambu, zuwa gaishe da ƴan'uwa a wata unguwa, duk suna cikin lissafi idan an yi su da ɗan kuzari.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa garkuwar jiki tana tsufa ta hanyar motsewar timus da taruwar gajiyayyun ƙwayoyi da kumburin ɓoye da ɓatan kan nutrofil. Ta kuma nuna cewa motsa jiki yana taɓa ta ta hanyar tura ƙwayoyi sintiri, da saƙonnin da tsoka take aikawa, da rage kitsen ciki. Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan: wani ɓangare na raunin garkuwar tsofaffi aikin shekaru ne da ba a iya juyawa, amma wani ɓangare mai yawa aikin zama ne, kuma shi ana iya rage shi.

Bahaushe yana girmama tsoho ta hanyar ɗauke masa wahala. Da yaro ya ga mahaifinsa ya ɗauki buta ko ya nufi kasuwa da ƙafa, sai ya ce, "Baba, kawo in ɗauka, kai dai zauna ka huta." Niyyar mai kyau ce, kuma kaya mai nauyi ya cancanci a karɓa. Amma idan aka karɓe komai, har tsintsiyar Inna da tafiyar Baba zuwa masallaci, an karɓe musu abin da yake riƙe da tsokarsu, tare da ita kuma wani ɓangare na kariyarsu daga cuta. Masu iya magana sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Jikan da yake son kakansa ya daɗe da lafiya, abin da ya fi shi ne ya ɗauko masa takalmi da sanda, ya raka shi su taka tare.